Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kantoman Ƙaramar Hukumar Tamaske: A Karanta Mana Lissafi Bainar Jama'a

Ranka ya daɗe,

Na zaɓi in rubuto maka a buɗe ne domin maganar ta shafi duk mai biyan lanho, wato haraji, a Tamaske da ƙauyukanta, da duk uwar da ke tura ɗanta lakwal, wato makaranta, da safe. Roƙona ɗaya ne: ka mayar da shi al'adar ofishinka, sau biyu a shekara, ka fito bainar jama'a a karanta lissafi. Nawa ya shigo asusun ƙaramar hukuma kuma ta wace ƙofa, nawa ya fita, azuzuwa nawa aka gina kuma a wane gari, nawa suka rage na zana, me aka tanada don kare rayukan yaran da ke zaune cikinsu. Gini da kasafin kuɗi da kare lafiyar jama'a, a wurinmu, magana ɗaya ce mai kai uku, kuma babu wanda zai gyaru a cikinsu muddin lissafin yana kulle cikin durowa.

Bari in fara da ajin zana, don a nan ne maganar ke haɗuwa. Kowa a Adar ya san yadda ake yin sa. Ana jira a yanke gero, kara ya bushe, iyaye su tara dirkoki da igiya, a kafa rumfa a gefen aji ɗaya ko biyu na siminti da makarantar ke da su, a kewaye da zana, a bar ƙofa guda. Yara na zaune a ƙasa ko kan tsohon buhu, allo na jingine da dirka, mushe, wato malami, na tsaye da alli yana kare idonsa daga ƙura. Gwamnati na buɗe makarantu a watan Oktoba, amma ajin zana ba ya tsayawa sai an gama kaka, wani lokaci sai Nuwamba ta yi nisa. In kuma iskar bazara ta taso ko ruwan farko ya sauka, karatu ya ƙare ke nan ko da kalanda bai ce haka ba. Yaron da ya yi shekara shida a irin wannan aji, an gutsure masa watanni a farko da ƙarshen kowace shekara, sannan a auna shi da ma'auni ɗaya da ɗan Yamai da ya yi nasa karatun ƙarƙashin kwano, kan benci. In ya kasa, a ce ba ya da ƙoƙari. Wannan zalunci ne da muka saba da shi har muka daina ganinsa.

Da asarar watanni ce kawai, da an ce da sauƙi. A ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai, ta cinye azuzuwan zana, yara kusan 20 suka rasu, yawancinsu ƴan ƙanana da ba su san inda za su gudu ba. Ba a rufe wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba, irin wannan ta auku a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka ƙone, masu shekara biyar zuwa shida. Bayan ta Maraɗi ne gwamnatin lokacin ta hana sanya ƴan rainon yara cikin azuzuwan zana, ta kuma bayyana cewa akwai irin waɗannan azuzuwa kusan 36,000 a faɗin ƙasa. Yamai da Maraɗi birane ne masu ƴan kwana-kwana da motocin ruwa, kuma duk da haka wuta ta riga su. Ka duba nisan da ke tsakanin ƙauyukanmu da motar kashe gobara mafi kusa, ka duba yadda iskar hunturu ke kaɗawa a kan tudun Adar daidai lokacin da kara ya fi bushewa. Shi ya sa nake cewa wanda ya tambaye ka yawan azuzuwan zana a ƙasar Tamaske, tambayar tsaro ya yi maka, kuma ya kamata a ba shi amsa da lamba, gari bayan gari.

Na san abin da za a fara ce mini: babu kuɗi. Gaskiya ne, ban kuma raina wannan uzuri ba. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ake ɗora wa komin, wato ƙananan hukumomin, nauyi iri-iri. A watan Janairun 2016 aka fitar da dokar da ta miƙa musu wasu ayyuka na ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, har da gina makarantun firamare da kula da su, amma kowa ya ga yadda nauyin ya iso da wuri, kuɗin suka yi nawa. Abin da komin irin tamu ke samu bai wuce lanho, da tikitin kasuwa, da kuɗin tasha, da na cinikin dabbobi, da ɗan abin da ke zuwa daga sama ta hannun hukumar ANFICT mai tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi, sai kuma taimakon ƙungiyoyi in an yi sa'a. Ga jama'a kuwa sama da dubu ɗari tun ƙidayar 2012, kuma yara ne suka fi yawa. Sai dai ƙarancin kuɗin nan shi ne babbar hujjata. Inda arziki ya yi yawa ana iya ɓarna a rufe da ƙari. Inda duk abin da za a iya ginawa a shekara bai wuce azuzuwan da za a ƙirga da yatsu ba, zaɓen garin da zai samu da wanda zai ƙara haƙuri babbar shawara ce, kuma garin da aka ce ya jira yana da haƙƙin jin dalili. Mutum na iya jure rashi in ya ga an raba da adalci. Abin da ke ci masa rai shi ne ya ga gini ya tashi a garin maƙwabta, bai san ta yaya aka zaɓe su ba, sai ya cike giɓin da zato.

Zaton nan kuwa yana da tsada, kuma asusunka ne ke biya. Mai gari ne ke bi gida-gida yana karɓar lanho, shi ke shan tambayar da ba ya da amsarta: ina na bara ya tafi? Matar da ke sayar da albasa ko busasshen tumatir a kasuwa, ana yaga mata tikiti kowane mako, ba ta taɓa jin jimillar abin da kasuwar ke tarawa a wata ba. In aka ce mutanenmu ba sa son biyan haraji, a ƙara da cewa ba a taɓa nuna musu abin da harajin ya zama ba. Mutanen nan dai su ne ke tara kuɗin ginin masallaci ba tare da an aika musu da jandarma ba, domin bayan sallar Juma'a wani yakan miƙe ya faɗi abin da aka samu, da buhunan siminti da aka saya, da abin da ya rage a hannun ma'aji. Ƴan Tamaske da ke neman kuɗi a Abijan da Kano da Libiya da sauran wurare suna aiko da abin da ke riƙe gidaje da yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda gina aji guda ba zai girgiza su ba. Abin da ke riƙe hannunsu shi ne rashin tabbacin cewa jikar da suka aiko za ta zama bulo. Ranar da suka ji a wayarsu cewa ga jerin garuruwan da ke jira, ga kuɗin aji ɗaya, ga wanda ke riƙe da asusu, ga ranar da za a sake karanta lissafi, za ka ga hannayen da ba ka san da su ba.

Uzuri na biyu ya fi na farko nauyi, don ya shafi matsayinka. Za a ce kai ba zaɓaɓɓe ba ne, hukuma ce ta naɗa ka, ita za ka yi wa bayani ta hannun magabatanka a Keita da Tawa da Yamai. Haka ne, tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 aka damƙa riƙonsu ga kantomomi, babu kansilolin da za su zauna su yi muhawara kan kasafi. Ba na nan don in yi kukan majalisun da suka wuce. Mutane da yawa sun gaji da yadda siyasar jam'iyyu ta mayar da wasunsu fagen rabon kwangila. Amma duk da aibinsu, akwai abu ɗaya da suke yi: kansila ɗan wani ƙauye ne, yana zama a zauren da ake karanta kasafi, yana komawa gida a tare shi a bakin masallaci a tambaye shi. Wannan ƴar kafa da labari ke bi ya isa ƙauye ta toshe yanzu. Aikin da magajin gari da majalisa ke yi a da ya taru a hannunka, don haka bayanin da kansiloli ke kaiwa garuruwansu ya zama bashi a wuyanka kai ɗaya. Magabatanka za su duba takardu su ga lissafi ya daidaita, amma takarda ba ta nuna cewa rufin ajin da aka karɓa bara ya fara yoyo. Wannan sai mutanen garin. Kuma hukumomin da suka naɗa ka sun ce sun zo ne don yaƙi da almundahana da mayar da ƙasa hannun ƴaƴanta. Babu inda talaka zai fi gane wannan magana kamar a ce an karanta masa kasafin komin ɗinsa da harshensa.

Wasu za su ce jama'ar karkara ba su yi boko ba, kasafi kuwa takarda ce ta Faransanci mai layuka da lambobi, karanta musu ɓata lokaci ne. Tarihin jiharmu ya riga ya ƙaryata wannan. A jihar Tawa ne, a 2004, aka fara shirin nan na makaranta don kowa tare da hukumar JICA ta Japan, wanda ya raya kwamitocin kula da makarantu da muke kira Kojes. Tsarinsa mai sauƙi ne: gari ya taru ya zaɓi ƴan kwamiti ta hanyar ƙuri'ar sirri, a zauna a faɗi abin da makaranta ke buƙata, a yanke abin da za a iya yi da ƙarfin gari, a ƙarshen shekara a sake taruwa a ji abin da aka yi da kuɗin. Manoma da matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba ne suka gudanar da shi, ya yi kyau har aka yaɗa shi ko'ina cikin Nijar a 2007, daga baya wasu ƙasashen Afirka suka ɗauka. Abin da Kojes ke yi a gindin bishiya da ƴan jikkuna, shi nake roƙon komin ta yi da miliyoyinta. Mutumin da ke lissafin buhunan albasa daga fadama zuwa mota, ya cire kuɗin mai da na lebura da na dillali a kansa ba tare da takarda ba, ba zai kasa gane shiga da fita ba in aka faɗa masa da Hausa, ko da Tamajaƙ ko Fulatanci inda ake buƙata.

Haka nan aikin Keita. Tun 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, aka shiga farfaɗo da ƙasar Adar da Majiya bayan fari ya cinye ta. Mutanen Keita da Tamaske da Garhanga da Ibohaman ne suka yi aikin, mata ne kuma suka fi yawa a fagen, don maza sun tafi ci-rani. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan tudu don tare ruwa, suka haƙa ramuka a kan fako, suka dasa miliyoyin itatuwa, aka yi hanyoyi da rijiyoyi da madatsun ruwa da makarantu. Jama'ar da ta yi wannan ba za a ce ba ta iya aikin gayya ba. Darasi na biyu na wannan aiki shi ne abin da ke biyo bayan tafiyar masu kuɗi: duk ginin da gari ya ɗauka nasa ne yakan samu mai gyara shi, wanda kuwa ake kira na furoje, wato na shirin taimako, yakan jira furojen da ba zai dawo ba. Aji ma haka yake. In gari ya san nawa aka kashe, ya ga an auna siminti a gabansa, ya sa hannu ranar karɓa, to ranar da iska ta ɗaga kwano ɗaya za a samu mai hawa da ƙusa kafin ta ɗauke sauran.

A nan ne nake so bayanin ya sauko ƙasa sosai. Kowane aji da za a gina, a kafa allo a wurin, a rubuta sunan ɗan kwangila, da kuɗin da aka yi da shi, da ranar farawa da ta gamawa. A ba shugaban Kojes da ƙungiyar iyaye mata kwafin abin da aka yi yarjejeniya a kai: zurfin tushe, yawan bulon da za a buga da buhu ɗaya, kaurin ƙarfe, irin kwano, ƙofa nawa da taga nawa. Magini na gari ya san bulon da aka ƙwace wa siminti, yana murje shi da yatsa ya zube. Abin da ya rasa shi ne izinin magana. Kada a biya kason ƙarshe sai Kojes da ƙungiyar iyaye mata ma sun sa hannu. Daminar 2024 ta nuna mana abin da ginin ha'inci da ginin kan hanyar ruwa ke jawowa: ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a ƙasa, ta rushe azuzuwa, waɗanda suka tsira kuma suka zama mafakar waɗanda gidajensu suka faɗi, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A ƙasa mai ƙorama da kwazazzabai irin tamu, dattijon gari ya fi kowace taswira sanin inda ruwa ke bi in an yi shekara mai ƙarfi. A tambaye shi kafin a haƙa tushe. Siminti kuwa a jiharmu ake yin sa, a Malbaza, dutse kuma ba ma saye, don haka in kuɗin aji ɗaya ya bambanta ƙwarai tsakanin gari da gari, jama'a su ji dalili.

Saura maganar tsaro a ma'anar da aka fi saninta, wadda za a ce sirri ce, ba a tattauna ta a kasuwa. Na yarda akwai abin da ba a faɗa. Inda soja ko jandarma ko gardi za su kwana, da hanyar da za su bi, ba na kowa ba ne, ba kuma aikin komin ba ne. Amma muna cikin jihar da ta ga kisan mutum 137 a ƙauyukan Tiliya ranar 21 ga Maris 2021, wadda kuma kudancinta, wajen Bangi a gundumar Madawa, ya karɓi dubban mutanen da ƴan bindiga suka koro daga jihar Sakkwato. Allah ya tsare Tamaske, ya ƙara tsarewa. Sai dai ko inda harsashi bai kai ba, tsoro na kaiwa, kuma yau saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa ya watse makaranta kafin azahar. Maganin jita-jita shi ne a samu bakin da jama'a suka saba jin gaskiya daga gare shi. Kantoman da ya saba fitowa ya faɗi lissafin kuɗi ba ƙari ba ragi, ranar da ya ce a kwantar da hankali za a kwantar, ranar da ya ce a kula da baƙon da ba a san shi ba za a kula. Jami'an tsaro kullum suna roƙon a ba su labari, mutum kuwa ba ya kai sirrinsa ofishin da bai taɓa buɗe masa nasa ba. Ban da wannan, akwai tsaron da kacokan na komin ne, babu sirri a cikinsa: katangar makarantar da ke bakin hanyar mota, rijiyar da ba ta da murfi, ƙoramar da yara ke tsallakawa da damina, masu tuya da ke hura wuta a jikin zanar aji, fitilar tasha da ta kasuwa, lambar da direkta zai kira in wani abu ya faru.

Akwai kuma tsoron cewa taron zai zama filin zagi, ko ya tada gaba tsakanin garuruwa. Zai yi zafi a karon farko, babu shakka, don maganar da aka daɗe ana haɗiyewa ba ta fitowa da sanyi. Amma gabar tana nan tun yanzu, a zaure da majalisar shayi, inda babu mai ba da amsa. Abin da zai rage ta shi ne a sa ƙa'ida kafin a ambaci sunan kowane gari: a fara da makarantar da ba ta da ajin siminti ko ɗaya, sannan wadda ƙananan yaranta ke cikin zana, sannan wadda ta fi yawan ɗalibai. In aka amince da ma'auni a gaban mai martaba sarki da masu gari da limamai da malaman makaranta, jerin zai fito da kansa, kuma kai ma ka huta da masu zuwa ofis da dare suna neman alfarma. Zan ƙara da cewa a ba mata wuri na gaba da lokacin magana, kada a bar su a bayan rumfa. Su ne ke gida watannin da maza ke tafiya, su ne suka san yaron da ya daina zuwa aji da dalilinsa.

Kafin azuzuwan zana su ƙare, kuma za a ɗauki shekaru, akwai abin da ba ya buƙatar ANFICT ko wani furoje. A yi wa kowace rumfa ƙofa biyu. A bar tazara tsakanin rumfa da rumfa don kada wuta ta yi tsalle. A mayar da ƴan aji ɗaya da na biyu cikin ginin siminti, manya su koma zana, don su ne za su iya gudu. A ajiye tulun ruwa da bokitin yashi a bakin kowane aji, a nisanta masu wuta, a koya wa yara fita a layi ko da sau ɗaya ne a wata. Takarda guda daga ofishinka zuwa ga sufeto da direktoci da Kojes ta isa ta fara wannan.

Lokacin da ya fi dacewa da taron farko shi ne bayan kaka, kafin matasa su kama hanya, daidai sa'ar da ake shirya kasafin shekara mai zuwa kuma ake kafa rumfunan bana. Na biyu kuma kafin ruwa ya sauka, a faɗi abin da aka cika da abin da aka kasa. A yi shi ranar kasuwa, a sa sanƙira ya yi shela tun mako guda kafin ranar, a liƙa takardar a ƙofar ofis da ta kowace makaranta, a kuma ɗauki karatun da murya a tura wa ƴan gari da ke waje. Inda komin ta yi faɗi, a zaga manyan garuruwa bi da bi. Abin da nake roƙo ka fara da shi a wannan wata shi ne ƙidaya: ka nemi sufeto da tarayyar Kojes su kawo maka jerin makarantun ƙasar Tamaske duka, kowace da yawan ɗalibanta, da azuzuwanta na siminti, da na zana, da waɗanda suka tsage, sannan ka sa a karanta mana shi.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyi, ya tsare mana yaranmu.

Wassalam,
Ɗan ƙasar Tamaske, mai biyan lanho.